Tarihin Karatun Roba: Daga Hauren Giwa Zuwa Ajin Makaranta

 Kamar kullum, ga rubutaccen shirin namu saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da kuma waɗanda suka fi jin daɗin karantawa.

Shirin yau wani ƙanena ne ya jawo shi. Yaron ya nemi injiniyancin lantarki, da sunaye suka fito sai ya tarar an tura shi sashen folima, wato karatun roba. Ya kira ni murya a dusashe kamar wanda aka yi wa rasuwa, ya ce, "Yaya, yanzu shi ke nan shekara biyar zan yi ina koyon yin bokiti?" Abokansa har sun laƙa masa suna, wai Injiniya Ɗan Leda. Na yi dariya, ba zan ɓoye muku ba. Amma da na ajiye wayar sai na dubi ɗakin da nake zaune. Bayan wayar tawa roba ne, wayar caja roba ce ta lulluɓe ta, ga soket, ga fanka, ga buta, ga tabarma, ga katin ATM a aljihuna. Sai na tambayi kaina, wai su wa suka koyar da yin waɗannan abubuwa, kuma yaushe abin ya zama karatun da ake ba wa mutum takarda a kansa?

Kafin mu yi nisa bari in warware wani abu. Mu Hausawa kalma ɗaya muke kiran abu biyu da ita. Akwai roba mai talewa irin ta taya da danƙo, wadda asalinta ruwan jikin bishiya ne. Akwai kuma ta bokiti da leda da kujera, wadda yawanci daga man fetur da iskar gas ake samo ta. Ta biyun ce maganarmu.

Labarin ya faro ne daga giwa. A wajajen 1860 masu hali a Turai da Amurka sun raja'a kan wasan biliyad, kakan sinukar nan da samari ke bugawa a bakin titi. Da hauren giwa ake sassaƙa ƙwallayen, ana ta karkashe giwaye a Afirka da Asiya, haure kuma sai tsada yake ƙarawa. Wani kamfanin kayan wasan a New York ya sa ladan dala 10,000 ga duk wanda ya kawo abin da zai maye haure. Wani matashi ma'aikacin ɗab'i a garin Albany, John Wesley Hyatt, ya ji wannan kuɗi ya shiga gwaje-gwaje. Mutumin bai karanci kimiyyar sinadarai ba, haɗa wannan da wancan kawai yake yi. A ƙarshe ya dace da haɗin audugar da aka jiƙa da asid da kuma kafur, ya samu wani abu mai tauri da ake iya lanƙwasawa in ya ji zafi. A 1870 ya yi masa rajista, shi ne aka sani da seluloid. Da shi aka yi ta yin mataji da maɓallai, daga baya kuma faifan fim. Aibinsa shi ne kama wuta kamar fetur, shi ya sa tsofaffin finafinai da yawa suka ƙone ƙurmus.

Gaskiya dai wani Bature ɗan Ingila, Alexander Parkes, ya riga shi. Tun 1862 ya baje irin wannan haɗi a babban bikin baje koli na Landan. Ya buɗe kamfani a 1866, shekara biyu kacal kamfanin ya durƙushe, domin garin neman araha ya riƙa amfani da kayan haɗi marasa kyau, kayan da ya yi suka riƙa karkacewa suna tsagewa. Ku riƙe wannan labari na Parkes, za mu dawo kansa in mun zo kan kujerun bikinmu.

Sai 1907. Leo Baekeland ɗan Beljiyam ne da ya koma Amurka, ya yi kuɗi da wata takardar wanke hoto da ya sayar wa kamfanin Kodak. A ɗakin gwajinsa da ke Yonkers ya dafa sinadarai biyu, finol da fomaldihaid, cikin wata tukunyar matsi, ya fitar da Bakelite. Ita ce roba ta farko da ba a tatso daga bishiya ko dabba ba. Ba ta ɗaukar lantarki, ba ta narkewa, kuma ta zo daidai lokacin da lantarki ke shiga gidaje. Baƙaƙen tarhon nan masu nauyi da kuke gani a tsofaffin finafinai da akwatunan rediyon da, duk ita ce. A nan ne roba ta rabu gida biyu. Wata kamar kakin zuma take, ka narka ta daskare, ka sake narkawa ta sake daskarewa. Wata kuma kamar ƙwai ce, in ya dahu ya dahu, ba ya komawa ɗanye. Bakelite irin ta ƙwai ce, bokiti da leda irin ta kakin zuma.

To abin mamakin, duk wannan ciniki da ake yi, ba wanda ya san ainihin yadda cikin roba yake. Dafawa ake yi kamar miya, in ta yi kyau a gode, in ta ɓaci a zubar. Abin da ba ka san dalilinsa ba kuwa ba ya koyuwa a aji, sai dai yaro ya tsaya kusa da maigida ya kwaikwaya.

Wanda ya buɗe wannan ƙofa shi ne Bajamushe Hermann Staudinger. A 1920 ya fito ya ce waɗannan abubuwa dogayen sarƙoƙi ne. Ka ɗauki ƙaramin ƙwayar sinadari ɗaya, ka jera dubbai irinsa, kowanne riƙe da na gabansa, kamar 'ya'yan carbi a zare. Wannan doguwar sarƙa ita ce folima. Manyan malaman kimiyya na Jamus suka ce ina, ba a taɓa yi ba. A ganinsu ƙananan ƙwayoyi ne kawai suka cure wuri ɗaya. Shekaru ya yi ana masa kallon wanda ya ɓata basirarsa kan ƙazantar ƙasan tukunya. Bai janye ba, ya ci gaba da kawo hujja, har gwaje-gwajen wasu, irin su Wallace Carothers wanda ya haɗa nailan a kamfanin DuPont a 1935, suka gaskata shi. Sai a 1953 aka ba shi kyautar Nobel, shekara 33 bayan maganar tasa.

Me ya sa wannan ya shafi karatu? Domin da zarar ka san sarƙa ce, komai ya samu dalili. Sarƙoƙi dogaye da suka cukurkuɗe kamar taliya a kwano suna ba da ƙarfi. In zafi ya yi yawa ko rana ta daɗe tana duka, sarƙoƙin su tsittsinke, abu ya yi gautsi. Yanzu ana iya aunawa, ana iya lissafi, ana iya rubuta littafi, ana iya yi wa ɗalibi jarrabawa.

Ledar da ta cika mana gari kuwa, katari aka yi da ita. A watan Maris na 1933, ma'aikata biyu na kamfanin ICI a Ingila, Eric Fawcett da Reginald Gibson, suna gwada iskar etilin cikin matsi mai tsanani. Da suka buɗe na'urar sai suka ga wani farin abu kamar kaki ya manne a ciki. Sun yi ta ƙoƙarin maimaitawa abu ya ƙi, sai a 1935 wani abokin aikinsu Michael Perrin ya sake samo shi, daga baya aka gane ashe 'yar iskar oksijin da ta kutsa ce ke tayar da haɗin. Sunan abin foli'etilin. An fara sarrafa shi da yawa a 1939, daidai ɓarkewar Yaƙin Duniya na Biyu, Ingila ta mai da shi sirrin soja tana lulluɓe wayoyin na'urar hango jiragen sama da shi.

Yaƙin ne ya tona ƙarancin ma'aikata. Japan ta mamaye ƙasashen kudu maso gabashin Asiya da ke noman roba a 1942, siliki ya yanke, ƙarfe ya tafi ga tankoki da jirage. Amurka ta rasa mafita sai roba ta haɗi, nailan ya koma laimar saukar sojoji da igiyoyi. Masana'antu suka cika da injuna, masu sanin kan injunan kuma 'yan ƙalilan. A shekarar 1942 ɗin ne ma aka kafa ƙungiyar injiniyoyin roba a birnin Detroit.

A nan wani mutum ya shigo da labarinsa ya fi fim. Herman Mark farfesa ne a Vienna. Da 'yan Nazi suka haɗiye Ostiriya a 1938 aka kama shi aka tsare, domin mahaifinsa asalinsa Bayahude ne. Da ya fito ya san zama ba nasa ba ne, ga shi an hana fita da dukiya. Sai ya sayi wayar filatinam, ƙarfen nan mai tsadar gaske, ya lanƙwasa ta ta zama maratayan kaya, matarsa ta saƙa musu riga, suka rataye tufafi a kai. Ya ɗaura tutar Nazi a gaban mota, ya ɗora kayan wasan ƙanƙara a sama kamar masu tafiya hutu, suka tsallaka Siwizalan. Daga nan ya bi ta Ingila da Kanada, a 1940 ya sauka a kwalejin fasaha ta Brooklyn. A 1946 ya kafa cibiyar binciken folima a can, ta farko a makarantun Amurka da aka keɓe don bincike da koyar da wannan fanni. Ɗalibansa ne suka bazu suka buɗe irinta a wasu jami'o'i.

Sai dai Mark masana kimiyya yake yayewa, masu sanin yadda ake haɗa sarƙa. Mai masana'anta kuma wani mutum daban yake nema: wanda zai karɓi buhun ƙwayar roba ya mai da shi kaya dubu goma, na farko da na ƙarshe duk iri ɗaya. Wannan ya kai mu garin da labarinsa ya fi taɓa ni, wato Lowell a jihar Massachusetts.

Lowell garin masaƙu ne. Tun wajajen 1820 aka jera masaƙu a bakin kogin Merrimack, har a 1895 aka kafa makarantar koyon saƙa don ta riƙa samar musu da ƙwararru. Daga shekarun 1920 masaƙun suka fara kwashe kayansu suna komawa kudancin Amurka inda ƙwadago ya fi araha. Zuwa shekarun 1950 manyan da suka rage ma suna ta rufewa. Makarantar ta ga in ta tsaya kan saƙa kaɗai, za ta bi masaƙun kabari. A 1953 ta sauya suna ta zama kwalejin fasaha, a 1954 ta buɗe sashen injiniyancin roba ƙarƙashin Russell Ehlers. Suka cika ɗakunan aiki da injuna irin na masana'anta, ɗalibi ya yi lissafi da safe, da yamma ya kama inji da hannunsa. Makarantar ce yanzu Jami'ar Massachusetts ta Lowell, sashen kuma yana nan har gobe.

Wasu ƙasashen ma ba su zauna ba. Jamus ta kafa cibiyar sarrafa roba a Aachen a 1950. Indiya ta buɗe CIPET a Madras, wato Chennai ta yanzu, a 1968 da tallafin Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ba da ƙarfi kan difloma da koyar da ƙera mazubi, daga baya ta yi rassa a faɗin ƙasar. A Amurka kuma makarantu irin su Ferris State da Pittsburg State da Penn State Behrend suka riƙe ɓangaren da ake kira fasahar injiniyancin roba, wanda aikin hannu ya fi yawa a cikinsa. In kana neman kwatankwacinsa a wurinmu, ka dubi ND da HND na kwalejojin fasaha.

To me ake koyo a ciki? Bari in ba ku misali da abin da kowa ya taɓa gani. Ana tsakiyar taron biki, wani dattijo ya zauna kan kujerar roba, sai ji kake ƙwas, ƙafa ta ɓalle, ga babbar riga a ƙasa. Mu dariya muke ƙunshewa mu ce nauyi ne. Wanda ya yi wannan karatu kuwa, in ka miƙa masa karyayyar ƙafar, tambayoyi zai jero. Garin farin dutse nawa aka zuba don a rage tsada? Kaɗan yana ƙara tauri, in ya yi yawa kujera ta zama kamar biskit. Sau nawa aka niƙa robar aka sake narkawa? Kowane zagaye yana rage tsawon sarƙa. An sa maganin rana kuwa? Baƙin tankin ruwan da ke saman gidajenmu, baƙin nan garin kabon ne da ke kare shi daga hasken rana. A ina narkakkiyar robar ta rabu biyu ta sake haɗuwa cikin mazubi? Wurin haɗuwar nan yakan zama rauni, in ya faɗo a gindin ƙafa an gama. Kun tuna Parkes? Ciwon da ya kashe kamfaninsa a 1868 shi ne yake karya kujerunmu.

Ana koyon hanyoyin sarrafawa. Bokiti da kujera, tura narkakkiyar roba ake yi da ƙarfi cikin mazubin ƙarfe, dabarar da Hyatt da ɗan'uwansa suka yi wa rajista tun 1872, injinsu kamar ƙatuwar sirinji. Jarka hura ta ake yi da iska. Bututu tatso shi ake yi kamar taliyar murji. Leda kuma hura ta ake yi ta tashi sama kamar dogon balan-balan kafin a naɗe. Ana koyon halin kowace roba: ta leda tana narkewa a wajen digiri 110 a ma'aunin salshiyas, ta kujera wajen 165, ta gorar lemo sai an kai wajen 250, kuma dole a busar da ita tukuna, in ba haka ba laima ta tsinka sarƙarta. Ana koyon zana mazubi a kwamfuta, a yi shi ya ɗan fi kayan girma domin roba tana tsukewa in ta huce.

Ga kuma lissafin kuɗi. A ƙaddara inji yana fitar da bokiti ɗaya duk daƙiƙa 30. A awa 24 ya ba da 2,880. In wani ya gyara hanyar ruwan sanyaya mazubi ya rage daƙiƙa 3 kacal, adadin ya koma 3,200. Bokiti 320 ke nan a kullum, inji ɗaya, ma'aikata ɗaya. Wannan ne ake biyan mutum albashi a kansa.

Yanzu mu dawo gida. Duk wanda ya san Kakuri a Kaduna, labarin Lowell ba zai zame masa baƙo ba. An buɗe masaƙar Kaduna a 1957, wasu suka biyo baya, dubban gidaje suka ci abinci a nan, sannan muka wayi gari ƙofofi a garƙame. Abin da ya ci Doma bai bar Awe ba. Amma ku zaga Sharaɗa da Challawa da Bompai a Kano ku ga abin da har yanzu ake lodawa a manyan motoci: bokitai, butoci, silifa, tabarmi, buhuna, ana kai su har Nijar da Chadi da Kamaru. Ɗanyen kayan ma muna yi. Masana'antar Eleme a Jihar Ribas, wadda Indorama ya saya a 2006, tana fitar da ƙwayar roba, matatar Dangote ma ta shiga sahu. Makarantu kuma akwai su. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashen injiniyancin folima da saƙa, wanda shi ma daga karatun saƙa ya tsiro kamar na Lowell. Akwai irinsa a jami'ar fasaha ta Owerri, ga kwalejin Yaba a Legas, ga ta Auchi. Tambayar da nake so mu yi wa kanmu ita ce, in mazubi ya lalace a masana'antunmu, ko ana son sabo, wa ake kira, kuma daga wace ƙasa yake zuwa?

Ba zan rufe ba tare da na taɓo ɓarnar ba, don na san wani zai ce, "Malam, abin da ya toshe mana kwalbatoci kake wa kirari?" Gaskiyarka. A 1950 duniya tana yin roba kimanin tan miliyan 2 a shekara, zuwa 2019 ta kai wajen tan miliyan 460. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya ƙiyasta cewa kashi 9 cikin 100 kacal na sharar roba aka taɓa sake sarrafawa. Muna ganin ledar fiya wata a magudanan ruwa, mahauta suna ciro ta a tumbin shanu da awaki. Ruwanda ta haramta leda a 2008, Kenya a 2017.

Amma gyaran ma ilimin yake buƙata. Juya gorar ruwa ko robar abinci ka duba gindinta, sau da yawa za ka ga lamba daga 1 zuwa 7 cikin alama mai kusurwa uku, tsarin da aka fito da shi a 1988. Lamba 1 ta gorar lemo ce, 2 ta jarka, 3 ta bututu, 4 ta leda, 5 ta kujera da murfi. Ba sa haɗuwa a tukunya ɗaya. 'Yar lamba 3 kaɗan in ta shiga cikin lamba 1 sai ta ɓata lodi gaba ɗaya. In ka niƙa su ka zuba a ruwa, 2 da 4 da 5 za su taso sama, 1 da 3 su nutse. 'Yan jari-bola da masu injin niƙa roba sun san da yawa daga wannan da hannu da ido, har da ƙona gefe a shinshina. Abin da ya rage shi ne wanda zai zo da ma'auni ya zauna da su, a daina sayar da wahalar yaran nan da arha saboda kaya sun gauraya.

Na sake kiran ƙanen nawa na ba shi wannan labari. Ban ce masa dole ya so abin ba, kuma ban yi masa alkawarin aiki na jiransa ba. Cewa na yi kafin ya nemi canji ya je sashen da ƙafarsa, ya tambaya a nuna masa injunan da ke aiki, ya tambayi 'yan ajin ƙarshe inda suka yi zaman koyon aiki, sannan ya roƙi wani ya shigar da shi masana'anta ko ta yini ɗaya ce. Ya ce zai je. Ya kuma ce sunan Ɗan Leda dai ya riga ya bi shi.

In akwai mai karanta wannan fanni a cikinku, ko mai aiki a masana'antar roba, ko mai sana'ar niƙa, ina so in ji daga bakinku: me ake koyarwa a aji da ba ya aiki a gaban inji, me kuma inji ya koya muku da malam bai faɗa ba?